Waya Ma Ƙofar Gida Ce: Shin Mai Talla Na Da Ikon Shiga Ba Izini?

   

Tambayar da nake so mu duba a wannan fitowa ƙarama ce a ido, amma ta shafi duk wanda ke da waya a aljihu. Mutum yana da haja, yana son ya sayar. Shin wannan ya ba shi ikon ya kira ka a duk lokacin da ya ga dama, ko ya cika maka waya da saƙonni, alhali ba ka nema ba, ba ka ma san inda ya samo lambarka ba? Mafi yawanmu mun ɗauki abin a matsayin ƙaramar damuwa irin ta ƙuda, a kore shi a ci gaba da harka. Ni kuwa ina ganin akwai haƙƙi a ciki, kuma haƙƙin ya fi naira hamsin ko ɗari da akan yanke mana a kati.

Ni ɗan kasuwa ne, saboda haka ba zan zo nan in zagi talla ba. Da talla aka rene mu. Allah ya halatta ciniki, kuma ciniki ba ya yiwuwa sai mai saye ya san abin da ke hannun mai sayarwa. Duk wanda ya shiga Kasuwar Monday ko Kasuwar Gamboru ya san yadda ake yi: wannan na kiranka Alhaji, wancan na jan hankalinka da sabon yadi, mai kifi a Tashar Baga na ɗaga maka banda ka gani. Babu mai jin haushin wannan, domin kai ka kawo kanka kasuwa. Ƙafarka da ta taka ƙofar kasuwa ita ce izinin da ka bayar a yi maka talla. In ka gaji, ka juya ka tafi gida, hayaniyar ta tsaya a can.

Ko 'yar talla mai bin layi da farantin gyaɗa ko ƙosai tana da iyakarta. A titi take kira, mai so ya leƙo ko ya aiko yaro. In ta shiga gida, sai ta yi sallama, kuma gidan da aka san ta take shiga. In aka ce mata yau ba a saye, ta wuce. Ana ganin fuskarta, an san 'yar gidan wane ce, in ta yi rashin kunya akwai wanda za a kai wa ƙara. Kuma ita ke shan rana, ita ke cin takalmi. Wahalar tallar a kanta take.

To, ku gwada wannan da kiran da ke shigo mana yanzu. Waya ta yi ƙara, ka bar abin da kake yi ka ɗauka, sai ka ji muryar na'ura tana yi maka tallar waƙa, ko caca, ko bashi, ko wani tsari da ba ka tambaya ba. Ba ka san mai kiran ba, ba shi da fuska, ba shi da unguwa. Ba za ka iya ce masa ya koma ba, don ba mutum ne ke sauraronka ba. A minti ɗaya na'urar ta kira dubban mutane, mai ita yana zaune bai motsa ba. Wahalar duk ta dawo kan wanda aka kira: lokacinsa, cajin wayarsa, natsuwarsa. Mu da muka yi dogon zama cikin duhu bayan an lalata turakun wutar lantarkin da ke shigowa Maiduguri a farkon shekarar 2021, mun san cewa cajin waya ma kuɗi ne, a shago ake biya.

Ladabin ƙofa

Kafin a zo ga dokar gwamnati, mu fara da abin da muka taso a kai. A cikin Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28, an koya wa muminai kada su shiga gidan da ba nasu ba sai sun nemi izini sun yi sallama, kuma in an ce su koma, to su koma, hakan ya fi musu tsarki. A aya ta 58 ta wannan sura an ware lokuta uku waɗanda ko yaran gida da masu hidima sai sun nemi izini: kafin sallar asuba, da lokacin hutun tsakar rana, da bayan sallar isha'i. Ya kuma inganta a hadisi cewa neman izini sau uku ne, in ba a amsa ba mutum ya juya. Abin ya taɓa faruwa tsakanin Abu Musa al-Ash'ari da Sayyidina Umar, Allah ya yarda da su: Abu Musa ya nemi izini sau uku bai ji amsa ba, ya koma abinsa. Duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san akwai babi a ƙarshenta a kan sallama da neman izini.

Wannan ladabi shi ya gina mana zaure. Baƙo ya tsaya a waje ya yi sallama, a aika yaro ya ce maigida na zuwa, ko a ce yana hutawa. Babu baƙon kirki da ke jin haushin a ce masa maigida ya kwanta. Haka muka tarar da maƙwabtanmu Kanuri suna yi, haka iyayenmu da suka zo daga Kano da Katsina da Haɗeja suka zo da shi. Ma'anar ita ce, mutum yana da wani fili nasa wanda ba a shiga sai ya yarda, kuma kalmar «koma» haƙƙinsa ce, ba sai ya ba da dalili ba.

Da wayar salula ta shigo Najeriya a shekarar 2001, sai kowane gida ya sami sabuwar ƙofa wadda ba ta da zaure. Wannan ƙofa tana buɗewa kai tsaye cikin ɗaki, tana bin mutum masallaci, tana bin sa asibiti, tana bin sa maƙabarta. Nassi bai ambaci waya ba, amma dalilin da ya sa aka wajabta neman izini yana nan a cikinta: kare sirrin mutum da hutunsa. A nawa fahimtar, wanda ya kira ka ya ƙwanƙwasa maka ƙofa ne. Ɗan'uwa da aboki da abokin ciniki suna da izini na al'ada, don kai ka ba su lambar. Wanda ya sayi lambarka a wani wuri, ya sa na'ura ta yi ta kiranka safe da yamma, ya tsallake sallama, ya tsallake iyakar sau uku, ya kuma toshe kunnensa daga jin «koma».

Abin da ake ci mana

Wani zai ce, Malam, ai abin bai kai haka ba, in ka ga talla ce ka kashe kawai. Amsata ita ce, ba ka sanin talla ce sai ka ɗauka, kuma a garin nan ɗaukar waya ba ƙaramin abu ba ne. A watan Mayun 2013, bayan an kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, an rufe layukan waya, muka yi watanni ba mai jin muryar ɗan'uwansa. A lokacin muka san darajar wannan ƙaramar aba. Shekaru da yawa, uwa in ɗanta ya kama hanyar Damaturu ko Damboa ko Bama, wayarta na hannunta har sai ya ce ya sauka. Baƙuwar lamba a wurinta tana iya zama direba, tana iya zama asibiti, tana iya zama wani bawan Allah da ya tsinci wayar ɗanta. Gabanta sai ya faɗi kafin ta ɗauka. A ce bayan wannan faɗuwar gaba ta ji ana yi mata tallar waƙa, wallahi an cuce ta, ko da ba a yanke mata ko kwabo ba.

Sannan akwai ɓarnar da ta fi wannan, wadda ba a ganinta sai a hankali. Yau da gobe, mutane sun koyi ƙin ɗaukar baƙuwar lamba. Yanzu da yawa a cikinmu in ba su ga suna ba, sai su bar wayar ta yi ta kuka. Saƙo kuwa ba a ma buɗewa, an san tarkace ne. To ku tuna daren 10 ga Satumba 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya ci rabin gari. Mutane da wayar aro suka riƙa kiran 'yan'uwa, wayarsu ta jiƙe ko caji ya ƙare. A irin wannan dare, baƙuwar lamba ita ce ceto. Al'ummar da aka koya wa cewa baƙuwar lamba ɓata lokaci ce, an rage mata wani abu da take buƙata ranar tsanani.

Wannan shi ne abin da nake so mu riƙe. Amsa kira amana ce tsakanin jama'a, kamar rijiyar unguwa. Kowa na sha, ba mai ita. Mai tallar da ba a gayyata ba yana ɗiban wannan amana yana sayarwa, ribar tasa, asarar ta kowa. Kiransa ɗaya bai ƙarar da rijiyar ba, amma shi da ire-irensa dubu sun sa ta fara ƙafewa. A nan kuma ɗan damfara ke samun hanya, don in kunne ya saba da jin «ka ci kyauta» daga kamfani, ranar da ɓarawo ya faɗi haka ya nemi lambar sirrin katin banki, tsoho ba zai bambance ba.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Adalci ne a ji ta bakin masu yi. Suna cewa, na farko, wani lokaci tallar na da amfani, mutum na iya jin labarin tsari mai rahusa da bai sani ba. Gaskiya ne. Amma amfanin abu ba ya halatta tura shi da ƙarfi. Mai zuma ma in ya haura katanga ya shigo maka tsakar gida, ba za ka tsaya ɗanɗana zumar ba. Wanda ke son jin irin wannan labari ya ce yana so, a aiko masa.

Na biyu, suna cewa yaran da aka ɗauka aikin kiran mutane abincinsu suke nema, a ƙasar da aiki ya yi wuya. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ya sa ban yarda a zagi yaron ko yarinyar da ta kira ba. Aikensu aka yi. Ka ce ba ka so cikin mutunci, ka nemi a cire lambarka. Nauyin yana wuyan wanda ya tsara aikin ya ba su jerin lambobin mutanen da ba su yarda ba. Neman halal ba ya zama hujjar shiga haƙƙin wani, in ba haka ba da mai awo ma ya ce iyali gare shi, ya rage mudu.

Na uku, suna cewa ai kun yarda, tun ranar da kuka sayi layi ko kuka sauke manhaja kuka danna. A nan ne ma abin ya fi ciwo. Yarda a shari'ar ciniki ita ce mutum ya san abin da ya yarda da shi. Rubutu mai shafi goma da ƙananan haruffan Turanci, a miƙa wa dattijon da ajami ya iya, a ce ya yarda? Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida cewa ba a ɗora wa wanda ya yi shiru magana, sai a wurare ƙalilan da aka sani. Tsarin da za a ce an sa ka a ciki, in ba ka so kai za ka nemi hanyar fita, ya juya al'amarin ne. Kamar mutum ya shigo ɗakinka ya zauna, ya ce ai ba ka rubuta «ba a shiga» a bango ba. Daga nan ne ake samun waƙar da mai kiranka ke ji wadda ba ka zaɓa ba, da kuɗin da ke zirarewa a kati kowane mako ba ka san na mene ne ba. Cin dukiyar mutum ba da daɗin ransa ba, sunansa ɗaya ko naira ashirin ce.

Abin da dokar ƙasa ta ba mu

Da yawa ba su san cewa doka ma tana tare da mu a wannan ba. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya ba da kariya ga sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganganunsa na waya. An taɓa kai ƙarar wani kamfanin sadarwa a Abuja a kan saƙonnin da ba a nema ba, shari'ar ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara, kuma kotu ta ce barin wasu su yi ta aiko wa mutum irin waɗannan saƙonni ya taɓa wannan haƙƙi.

A shekarar 2016 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su buɗe lambar 2442 don wanda ba ya son a dame shi. Yadda ake yi ba wuya. Ka rubuta STOP a saƙo ka aika wa 2442, a rufe maka tallace-tallacen da ke bi ta hanyar kamfanin. In kana son ka bar wasu ka toshe wasu, ka aika HELP, za a jero maka rukuni-rukuni, kamar harkar banki, ilimi, lafiya, wasanni, har da saƙonnin addini, ka zaɓa. In ka aika STATUS za a gaya maka matsayin layinka. Kyauta ne. In ka yi haka abin bai tsaya ba, ka fara kai kuka wurin kamfanin, in ba su share maka hawaye ba ka kira 622, layin koke na hukumar, shi ma kyauta.

Sai dokar kare bayanan jama'a, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta kuma kafa hukuma ta musamman a kan wannan aiki. A cikinta an ce mutum yana da ikon janye yardar da ya bayar a yi amfani da bayanansa, yana da ikon cewa a daina yi masa talla kai tsaye, kuma shirunsa ba ya zama yarda. Kun ga a nan dokar Abuja da ƙa'idar malamanmu sun haɗu a wuri guda.

Ba mu kaɗai ke fama ba. Amurka ta yi doka a kan kiran talla tun 1991, a 2003 kuma ta buɗe rajistar da mutum zai sa lambarsa don a daina kiransa. Ingila ma na da irin wannan rajista. Duk da haka har yau mutanensu na kuka, domin doka tana kama kamfanin da ke da ofis da suna ne, ɓarawo kuwa ba ya duba rajista. Haka abin yake a nan: 2442 ba za ta hana ɗan damfara kiranka da layinsa ba. Wannan sai hankali. Banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirrinsa, ko lambar da aka turo masa a saƙo. Duk wanda ya tambaya, kashe wayar.

Mafi muni a wannan babi su ne masu ba da bashi ta manhajar waya. Suna farawa da talla mai daɗin baki, kuɗi cikin minti biyar ba jingina. Wanda ya karɓa, ban da ribar da Allah ya haramta, ya miƙa musu duk lambobin da ke wayarsa bai sani ba. Ranar da ya makara, sai a bi surukansa da malaminsa da abokan cinikinsa da kira da saƙo ana kiransa ɓarawo. A 2021 hukumar NITDA ta ci wani kamfanin irin wannan bashi, Soko Lending, tarar naira miliyan 10 saboda keta sirrin mutane, a 2022 kuma hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu a Legas, ta kuma fito da ƙa'idar yi musu rajista. Addininmu ya ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu, ya kuma yi addu'ar rahama ga mai sauƙin hali in zai sayar, in zai saya, in zai nemi biyan bashi. Tona asirin mai bashi a gaban mutanen da ba su ci ba su sha ba, zalunci ne biyu a haɗe.

Laifi tudu ne

Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. In mun tsaya a kan manyan kamfanoni kawai, ba mu yi wa kanmu adalci ba, domin wannan ɗabi'a ta shigo cikin unguwa. Akwai mai ɗaukar lambobin mutane a wurin ɗaurin aure ko taron suna, gobe ka tashi ka gan ka a cikin zauren WhatsApp na tallar atamfa ko turare, ba wanda ya tambaye ka. In ka fita a ce ka yi girman kai. Akwai mai maganin gargajiya da zai kafa lasifika a bakin layi, yana ambaton al'aura da cututtukan ma'aurata da kalmomin da uba ba zai iya ji tare da 'yarsa ba. Kunne ba shi da murfi, wanda ke cikin ɗakinsa ma an shigar masa. Akwai masu aiko saƙo su ce in ba ka tura wa mutum goma ba wani abu zai same ka. Wannan ma talla ce, an dai sa mata rawani, kuma ba ta da asali a addini.

Sannan akwai amanar lamba. Mai POS da ke rubuta lambobin mutane a littafi, mai cajin waya da ake bar wa waya yini guda, mai shagon da abokan ciniki suka ba shi lamba don ya sanar da su in kaya sun iso, da wanda aka sa ya rubuta sunayen mabuƙata lokacin rabon tallafi: duk waɗannan amana aka ba su. An ba ka lambar don abu ɗaya. In ka miƙa ta ga ɗan siyasa, ko mai talla, ko saurayin da ya ga yarinya ta zo cire kuɗi, ka ci amana, ko an biya ka ko ba a biya ka ba. Garin da ya tara 'yan gudun hijira da zawarawa da marayu, waɗanda suka rubuta sunansu a takardu barkatai don neman abinci, ya fi kowane gari buƙatar a tsare wannan.

Ga 'yan'uwana 'yan kasuwa, ma'aunin mai sauƙi ne. Kafin ka aika talla a wayar mutum, ka tambaye shi ko yana so. In ya ce a'a, ka bar shi, kuma kada fuskarka ta canza in ya dawo shago. Ka kiyaye lokaci, ban da asuba, ban da tsakar rana, ban da bayan isha'i. Ka faɗi sunanka da abin da kake sayarwa tun a farko. Kada ka yaba kaya da abin da babu a cikinsu, kada ka yi rantsuwa don a saya, an gargaɗe mu cewa irin wannan rantsuwa tana tafiyar da kaya ta kuma shafe albarka. Na daɗe a kasuwa, ban taɓa ganin wanda naci ya arzuta ba. Abokin cinikin da ya san ba ka damunsa, in ya ga kiranka da sauri yake ɗauka, don ya san da dalili.

Ga matasanmu kuma, ga aikin lada. Kalmar STOP da haruffan boko ake rubuta ta, iyayenmu da yawa ba za su iya ba. Ku karɓi wayar Baba da ta Inna da ta maƙwabciya tsohuwa, da izininsu, ku aika musu, ku duba ko akwai wani tsari da ke cin musu kati ku cire. Minti biyu ne. Limamai 'yan'uwana su faɗa bayan salla, masu unguwa da Bulamai su sa baki a kan masu lasifikar batsa, a yi musu magana da mutunci su gyara harshe su rage murya. Wanda kuma aka ci masa kuɗi ya daure ya kai koke, ko kuɗin kaɗan ne, don shirun da muke yi shi ke sa a ɗauka mun yarda.

Mai talla yana da haƙƙin ya baje kayansa a kasuwa, ya ɗaga murya a inda aka zo don a ji shi. Ba shi da haƙƙi a kan kunnen wanda ke zaune a gidansa. Wannan sai an ba shi, kuma wanda ya bayar yana iya karɓewa. Allah ya ba mu halal mai albarka, ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinsa a fili da ɓoye, ya dawwamar da zaman lafiya a Borno da ƙasa baki ɗaya.